Fuskar Malam Tanko

Shafi na 31

Masu aiko min da saƙo cewa na bar Ummukulthum a bakin titi tun shekaranjiya, to ga ta nan ta iso Gyaɗi-Gyaɗi. Mai raunin zuciya ya karanta a zaune.

*

Sai da ta riga ta shiga sannan ta yi sallama.

Ɗakin tace fim na mijinta Falalu ɗan ƙaramin shago ne a bayan wani kanti, an toshe tagarsa da baƙin ƙyalle. Talabijin biyu, injin bidiyo biyu, sai kaset-kaset jibge har ƙasa. Ikechi, mai tace masa hoto, ya miƙe da sauri. Haifaffen Kano ne, in yana Hausa a bayan labule ba ka cewa ba ɗan Tarauni ba ne.

"Madam, sannu da zuwa. Oga ya tafi wajen 'yan kaset."

"Na sani. Shi ya sa na zo yanzu."

Ya dubi ƙofa, ya dube ta.

"Sa min fim ɗin da Baba ya fito," ta ce.

"Madam..."

"Sa min, Ikechi."

Ranar da aka kashe ƙanenta Usaid a faɗan 'yan bangar siyasa, soja ba su daɗe da miƙa mulki ba, mahaifinsu Malam Tanko yana Darmanawa wajen ɗaukar fim ɗin Falalu. A gaban kyamara labarin rasuwar ya same shi. Ranar sadakar uku Falalu ya dafa kan 'yarsu Nana ya rantse mata cewa wannan hoton ba mai ganinsa har abada. Jiya kuwa sai ga maƙociyarta da fara'a, wai ta ga tallan sabon fim a ƙarshen wani kaset, wai ashe haka Babanki ya iya kuka.

Ikechi ya zura kaset, ya tura shi gaba, ya ja da baya ya jingina da bango.

Aka fara nuno kasuwa daga nesa, hayaƙi ya turnuƙe, wata rumfar atamfa tana ci da wuta. Sai hoto ya yanke, ga Malam Tanko cikin babbar riga, a matsayin attajirin marowaci mai rumfar. Da farko duk jikinsa ake gani. Sannan kyamarar ta soma matsowa a hankali, ta bar ƙafafunsa, ta bar hannayensa, ta bar hularsa, har ya zama ba komai a talabijin ɗin sai ido da baki. Idon ya buɗe kamar na wanda aka tasa daga barci. Leɓen ƙasa ya kama rawa. Wata sarewa mai sanyi tana tashi a ƙarƙashi. Daga nan aka yanko 'yan kasuwa suna tafi suna shewa, wai Allah ya kama marowaci.

Ummu ta nemi kujera da hannu ba tare da ta duba ba.

"Tariyo baya."

Ya tariyo.

"Tsaya nan. Me yake faɗa a nan?"

"Oga ya ce in cire maganar in ɗora sarewa."

"Ba sai ka faɗa min ba. Na ga bakinsa. Usaidu yake cewa."

Ikechi ya sunkuyar da kai.

"Wato duk wanda ya kalla," ta ce, "cewa zai yi atamfa Baba yake wa kuka."

"Haka aikin yake, Madam. Abin da ka sa kafin fuska, shi mai kallo zai ce fuskar take wa kuka. Da kwanon tuwo na sa, da yunwa za a ce."

"Kuma ka yarda ka yi."

"Na yi."

Bai kare kansa ba. Da ya yi musu da ta samu inda za ta sauke abin da ke cinta. Ya tsaya yana murza yatsunsa, sannan ya durƙusa ya janyo wani kwali daga ƙarƙashin tebur.

"Ni ƙarshen watan nan zan bar aikin nan. Matata ta ce na daina cin abinci, gaskiyarta ce. Akwai abin da ya fi wanda kika gani. In kin ce in bari, sai in bari."

"Sa."

"Wannan ɗanyen kaset ne, yadda aka ɗauko shi daga lokeshan, ba a taɓa shi ba."

Hoton ya fito a karkace. An bar kyamarar bisa ƙafarta an manta ba a kashe ba, tana kallon katangar wani gida da gindin darbejiya. Ba kowa, sai ƙarar janareta da hayaniyar mutane can nesa. Hasken na hantsi ne, inuwar bishiyar tana kwance doguwa a kan katanga.

Sai babur ya shigo cikin hoton ya tsaya. Wanda ke kai ya diro tun bai gama kafe shi ba, gaban rigarsa duk jini.

Ummu ta miƙe tsaye.

Shehu ne, abokin Usaid. Ita da bakinta ta aike shi daga asibiti a safiyar ranar, ta ce ya je Darmanawa ya ɗauko Baba. Bai dawo ba. Daga baya aka ce ya bar gari saboda 'yan sanda na neman duk wanda ya je wajen faɗan. Tun ranar, ba sallar da ta idar ba ta kai ƙararsa ba, a kan ya gudu da saƙon mai mutuwa.

A talabijin ɗin Falalu ya shigo, bayansa kawai ake gani.

"Ina Malam?" in ji Shehu yana haki. "An sari Usaid a Babban Giji. Yana asibiti."

"Ya rasu?"

"Da ransa. Babansa yake ta kira. Anti Ummu ce ta ce in zo da shi yanzu."

"Rage murya."

"Wallahi jinin ya ƙi tsayawa."

"Na ji. Kai je ka, kar a gan ka a nan da rigar nan. Zan taho da shi da kaina."

Babur ya juya ya fita. Falalu ya daɗe tsaye, hannunsa ɗaya a ƙeya. Sai hoton ya mutu, allon ya koma shuɗi.

"Kaset ɗin a nan ya ƙare," in ji Ikechi.

Ba ta ji shi ba. Tana can ɗakin asibitin, kan Usaid a cinyar Innarsu, leɓensa sun bushe, duk wanda ya taɓa ƙofa sai ya ɗaga ido. Baba ne? Ku ce masa ya yafe min. Haka ya yi ta yi tun hantsi har aka kira azahar, har muryar ta zama iska. Ita kuwa tana ce masa ga shi nan tafe, hanya ce ta cushe.

Ikechi ya canja kaset, bai tambaye ta ba.

Wannan karon rana ta juya, inuwar darbejiyar ta koma ɗaya gefen. Malam Tanko na tsaye inda aka tsayar da shi, ana shirin ɗaukar fuskarsa. Sai maƙocinsu Ƙasimu ya kutso ta cikin 'yan kallo, ya kama hannunsa ya ce, "Malam, sai haƙuri. Usaidu lokaci ya yi."

Wani ya yi salati. Hoton ya girgiza, alamar mai ɗauka ya kai hannu zai kashe. Sai ga muryar Falalu daf da kyamarar, ƙasa-ƙasa, a natse:

"Kar ka kashe. Zuƙo shi. A hankali... a hankali. Riƙe nan."

"Kashe wannan abin, Ikechi."

Ba daga talabijin maganar ta fito ba. Falalu ne tsaye a bakin ƙofa, makullin mota a hannunsa.

Ikechi ya kashe.

"Ba mu wuri," in ji Falalu.

"Ba inda za shi," Ummu ta ce. "Shi kaɗai ne mai kunya a ɗakin nan."

Falalu ya mayar da ƙofa ya rufe. Bai yi kama da wanda aka kama ba. Ya yi kama da wanda ya gaji.

"Ummu, mu je gida mu yi maganar nan."

"Wane gida? Gidan da ka dafa kan Nana ka rantse?"

"Na yi niyyar cikawa."

"Me ya hana?"

Ya juya makullin motar a hannunsa.

"Na ce me ya hana, Baban Nana?"

"Na sake ɗaukar wurin da wani. Na sa masa albasa, na sa masa mentilatum, ya yi ta kururuwa yana birgima. Da muka jera su biyun, ko Ikechi ya san wanne ne fim. Tun ina yaron ɗaukar wayar lantarki a lokeshan nake neman fuska irin wannan, ban taɓa samu ba."

"Fuska."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka kake nufi. Ƙanena yana shure-shure yana kiran ubansa, kai kana jiran rana ta yi maka daidai. Ka kori Shehu, ka bar ni ina tsine masa. Ka zo wajen makoki ka zauna kusa da Baba kana karɓar gaisuwa. Ka ci abincin sadakar. Da wane maƙogwaro ka haɗiye?"

"Kin gama?"

"Ban gama ba. Yau za ka ciro hoton nan a gabana, ka ƙona shi."

"Uwar kaset ɗin tana Legas tun makon jiya, ana bugawa. Fastar talla ta fito. Ko ni na mutu yau, fim ɗin zai shiga kasuwa."

Ta dubi Ikechi. Ya gyaɗa kai a hankali, idonsa a ƙasa.

Ta hango shi duka: gidajen Tarauni, matan aure an baje tabarma bayan la'asar, yara sun zagaye talabijin, ana nuna Malam Tanko ana dariya, ana cewa a tariyo wajen kukan marowacin nan. Ta hango Inna ta shiga gidan suna ta tarar ana kallo.

"To sallame ni," ta ce. "Ba zan ƙara kwana da wanda ya hana uba ganin ɗansa ba."

Falalu ya ɗago ya dube ta sosai, karo na farko tun shigowarsa.

"Zuƙowar, ni na yi. Saka shi a fim, ni na yi. Waɗannan ki riƙe ni da su har gaban Allah, ban da ta cewa. Amma hana shi zuwa, wannan ba nawa ba ne."

"Da idona na gani."

"Kin ga inda kaset ya ƙare. Kin ga inda wani ya fara. Tsakaninsu fa?"

"Oga, abin da ka ba ni ke nan," in ji Ikechi. "Ban yanke komai ba."

"Na sani. Akwai wanda ban ba ka ba."

Ya fita. Suka ji ya buɗe but ɗin mota ya rufe. Ya dawo da kaset naɗe cikin baƙar leda, ba rubutu a jikinsa. Da kansa ya zura shi.

"Na ɓoye wannan ne saboda ke da Inna," ya ce. "Tunda kin zaɓi gani, gani."

A talabijin ɗin, mai ɗauka ya sa sabon kaset yana gwada haske, ya buɗe hoton ya kamo filin gaba ɗaya. Har yanzu hantsi ne. Can ƙarshen fili, ƙanana kamar 'yan tsana, ga Malam Tanko zaune kan benci yana duba takardar maganganunsa. Ga Falalu ya nufe shi da sauri, ya cire takalmi, ya durƙusa. Yana magana yana nuna hanyar da babur ya bi.

Ba a jin komai sai janareta.

Malam Tanko ya sauke takardar. Ya daɗe bai motsa ba. Falalu ya sake magana, har ya kai hannu ya taɓa gefen rigarsa. Sai tsohon ya ɗaga hannun dama ya kaɗa shi sau ɗaya, irin kaɗawar da yake yi in ya rufe magana a gida. Ya gyara zaman hularsa. Ya miƙe, ya taka ya koma inda ake tsayar da shi gaban kyamara.

Ummu ta san wannan hannun. Da shi ya kori Usaid daga gida lokacin yaƙin neman zaɓe, ranar da ya gan shi a bayan motar 'yan banga da gora a kafaɗa. Cewa ya yi ya sha wuyar soja shekara da shekaru yana jiran farar hula, ba don ɗansa ya zama karen farautar wani ba. Tun daga ranar ko sunansa ba a ambata a gabansa.

"Ba murya," ta ce. "Ba a jin komai. Ta yiwu abincin rana kake tambayarsa."

"Ta yiwu."

"Ta yiwu ce masa ka yi ɗan rauni ne."

"Ta yiwu, Ummu. Daga nesa aka ɗauka, hoto ba zai rantse miki ba. Mu biyu muka san abin da aka faɗa a bencin nan, ni kuma kin gama yanke min hukunci."

"Zuƙo min shi, Ikechi. In ga bakinsu."

"Ba zai yiwu ba, Madam. Abin da ba a matso an ɗauka ba, ba ya matsowa daga baya. Dushewa kawai zai yi."

Falalu ya zauna bisa kwalin kaset, ya haɗa kai da gwiwa.

"Kina so ki san me na gani a fuskar nan," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Mai rashi kawai ba ya yin irin wannan kallon. Na san abin da ke cikinta lokacin da nake cewa a zuƙo. Shi ya sa ban iya cewa a kashe ba. Shi ya sa kuma ban iya kallonta ni kaɗai."

Ta zare kaset ɗin daga injin da hannunta, ta cusa a jaka. Ba wanda ya hana ta.

A titi ta tsayar da tasi. Direban ya kunna rediyo ana ta muhawara a kan sabuwar gwamnati, wani fasinja yana cewa yanzu kam talaka zai sha iska. Ta manna goshinta da gilashi har Tarauni. In Falalu ƙarya yake, ta rasa miji. In gaskiya ya faɗa, ba ta san sunan abin da ta rasa ba.

Ta tarar da gidan iyayenta shiru. Tun rasuwar haka yake. Ta jiyo motsin Inna Indo a madafa, ba ta leƙa ba, ta wuce kai tsaye ɗakin mahaifinta.

Yana zaune kan buzu, carbi a hannu amma ba ja yake ba. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Ummukulthum. Ke kaɗai? Ina Nana?"

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa. Ta kasa tashi daga durƙuson.

"Baba, tambaya na zo yi. In na yi rashin kunya a yafe min."

"Ina jin ki."

"Ranar nan, a Darmanawa. Da hantsi. Baban Nana ya zo ya same ka a kan benci."

Carbin ya zame daga yatsunsa ya sauka kan buzu. Bai ɗauka ba.

"Wa ya gaya miki?"

"Kyamara tana kunne, Baba."

Ya rufe ido. Leɓensa na ƙasa ya soma wannan rawar da ta gani ɗazu a talabijin, sai dai yanzu ba sarewa.

"Me ya ce maka?" ta tambaya. "Don Allah ka ce min abinci ya tambaye ka. Ka ce min ɓoye maka ya yi. Duk abin da ka faɗa shi zan ɗauka, ba zan ƙara tambaya ba."

"Bai ɓoye min ba."

"Baba..."

"Ya ce an sari yaron. Ya ce yana kirana. Har rigata ya kama." Ya kai hannu gefen rigar. "Ni kuwa na buɗe baki na ce masa..."

Ya tsaya. Idonsa ya wuce ta, ya tsaya a bakin ƙofa.

Ummu ta waiwaya.

Inna Indo ce riƙe da labule, hannunta duk garin tuwo. Ba ta san tun yaushe take wurin ba. Fuskarta ba hawaye, ba komai.

"Ƙarasa, Malam," ta ce a hankali. "A cinyata ya cika yana kallon ƙofa. Ka ce masa me?"